Filin Tambayoyin Masu Karatu: Zare Filashi da Gaggawa da Asarar da Yake Jawowa

Huɗu daga cikin wasiƙun da suka shigo mana a wannan wata, ko da yake daga garuruwa daban-daban suka fito, duk a kan matsala ɗaya suke, wato abin da ke samun bayanan da mutum ya adana idan aka raba ma'ajiyarsu da kwamfuta, ko aka raba kwamfutar da wuta, kafin ta kammala aikinta. Saboda haka muka haɗa su wuri guda, domin amsar kowace tana ƙara haske a kan 'yar'uwarta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe. Na kai kundin bincikena shagon buga takardu a cikin filashi, na yi 'yan gyare-gyare a kwamfutarsu, na adana, aka buga mini, sai na zare filashin na tafi domin ina sauri. Da na koma gida na soka shi a tawa kwamfutar, sai ta ce wai sai an yi masa fomat kafin a iya amfani da shi. Babi huɗu ne a ciki. Me ya faru, kuma akwai yadda zan dawo da aikina? (Wata ɗaliba daga Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya sauwaƙe. Kafin mu shiga bayani, kada ki amince da fomat ɗin da kwamfutar ke nema, wato ta goge filashin ta sake tsara shi, kada ki adana komai a kan filashin, kada kuma ki yi ta yawo da shi daga wannan kwamfuta zuwa waccan da fatan wata za ta buɗe shi. Akwai kyakkyawan zato cewa babin nan huɗu suna nan a ciki, abin da ya lalace shi ne hanyar da kwamfuta ke bi ta gano su.

Tushen matsalar shi ne, lokacin da kwamfuta ta nuna miki cewa ta adana aiki da lokacin da aikin ya zauna a cikin filashi ba lallai su zama lokaci ɗaya ba. Rubutu a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ake kira RAM, ya fi rubutu a filashi sauri nesa ba kusa ba, don haka babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kan karɓi aikin ta riƙe shi a can, ta saki mai aiki ya ci gaba da harkarsa, sannan ta riƙa sauke shi a hankali. Ki ɗauki misalin babban siton hatsi irin na kasuwar Dawanau. Buhuna suna jibge a ciki, amma babu mai iya gane na wane ne a wane lungu sai da littafin magatakarda. Idan kaya suka yi yawa, magatakardan kan rubuta a 'yar takarda ya sallami mai kaya, da niyyar shigarwa a babban littafi idan hada-hada ta lafa. To, idan aka fizge littafin daga hannunsa yana tsakiyar shigarwa, ba buhunan ranar kaɗai za su rikice ba, shafin da ke ɗauke da lissafin tsofaffin kaya ma yana iya yagewa.

Wannan littafi a cikin filashi shi ne jadawalin da ke nuna inda kowane fayil ya fara da inda gutsattsarinsa suke. Mafi yawan filashi da katin memori suna zuwa ne da tsarin FAT32 ko exFAT. Asalin FAT tsohon tsari ne na kamfanin Microsoft tun 1977, FAT32 ya fito a 1996, exFAT kuma a 2006, kuma dalilin da ya sa har yau ake amfani da su shi ne kusan kowace na'ura tana gane su, daga talabijin da rediyon mota har zuwa kyamara da injin buga takardu. Rauninsu shi ne ba sa ajiye rajistar niyya kafin su fara gyara. Tsarin NTFS, wanda ya zo da Windows NT a 1993, yakan fara rubuta abin da yake shirin yi a wani wuri na musamman, ta yadda idan aka katse shi zai iya komawa ya ƙarasa ko ya warware, amma FAT ba shi da wannan gata. Adana takarda ɗaya a manhajar Word kuwa ba rubutu ɗaya ba ne, domin takan rubuta sabon kwafi da wani suna na wucin gadi, ta kawar da tsohon, sannan ta sauya wa sabon suna, kuma kowane mataki yana taɓa jadawalin. Duk inda katsewa ta faɗo a tsakanin matakan nan, akwai abin da zai iya salwanta.

Akwai kuma wani mataki da ko kwamfutar ba ta ganin sa. Ƙwaƙwalwar filashi, wadda Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, ba ta yarda a yi sabon rubutu a kan tsoho kai tsaye, sai an goge babban yanki gaba ɗaya. Don haka 'yar na'urar da ke kula da cikin filashin takan kwashe bayanan da ke yankin ta mayar wani wuri, ta kuma sabunta taswirarta ta ciki. Filashi ba shi da batir, daga kwamfuta yake shan wuta, saboda haka zare shi daidai yake da ɗauke masa wuta a tsakiyar wannan ƙaura. Wannan ne ya sa wani lokaci fayilolin da mutum ya yi wata da watanni bai taɓa su ba su ma suke ɓacewa.

Game da dawo da aikin, ki fara da abin da ba ya buƙatar taɓa filashin. Ki duba ko kin taɓa tura wa malamin da ke duba aikinki wani babi ta imel ko WhatsApp, ki duba kwamfutar da kika saba rubutu a kai, sannan ki koma shagon da wuri, domin Word kan ajiye kwafin ko-ta-kwana duk bayan minti 10 idan ba a sauya tsarinta ba, kuma mai yiwuwa ne wani abu ya rage a kwamfutarsu. Idan wannan bai wadatar ba, ki nemi masanin da zai fara kwafe hoton filashin ɗungurungum zuwa wata ma'ajiya, ya yi aikin ceto a kan kwafin. Akwai manhajoji na kyauta irin su TestDisk da PhotoRec, ta farko tana ƙoƙarin gyara jadawalin, ta biyu kuma tana bin filashin lungu-lungu tana tsinto fayiloli ko da babu jadawali, sai dai sunayensu na asali ba sa dawowa. Duk abin da aka tsinto, a adana shi a wata ma'ajiya daban. Ban so a fara da umurnin CHKDSK na Windows, duk da cewa shi ne abin da masu gyara da yawa ke fara gwadawa, domin burinsa shi ne ya daidaita jadawali, kuma yana iya yanke fayilolin da suka rikice ya tara gutsattsarinsu a folda mai suna FOUND.000, abin da ke ƙara wa mai ceto wahala. Idan kuwa an riga an yi fomat, nau'in na gaggawa jadawali kawai yake sabuntawa, don haka akwai sauran fata, amma cikakken fomat tun daga Windows Vista yana bin ko'ina ya shafe.

TAMBAYA: Na yi aikin ofis shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma a zamaninmu da disket muke aiki. Maɓalli kawai muke dannawa ya fito, babu wata sallama da muke yi wa kwamfuta, kuma ban tuna cewa zare shi yana cinye mana aiki kamar yadda jikokina ke kuka da filashi ba. Shin kayan da ne suka fi na yanzu ƙarko? (Wani dattijo daga Sakkwato)

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ka tuna gaskiya ne, sai dai a ganina dalilinsa ba ƙarko ba ne, domin disket na daga cikin ma'ajiyoyi mafi rauni da aka taɓa sayarwa, zafi da ƙurar hunturu da maganaɗisu duk suna kashe shi. Abin da ya kare ku shi ne, a wancan zamani tazarar da ke tsakanin "an gama" da gamawa ta haƙiƙa ba ta da faɗi, inda kuma take da faɗi, masu ƙera na'urorin sun ɗauki matakin hana hannun mutum shiga.

Disket ya samo asali ne daga kamfanin IBM a 1971, mai faɗin inci 8, sannan na inci 5.25 ya biyo baya a 1976, kafin ƙaramin nan mai inci 3.5 na kamfanin Sony, wanda ya shahara da ɗaukar megabait 1.44. Manhajar MS-DOS da yawancin ofisoshi suka yi amfani da ita ba ta iya yin ayyuka biyu a lokaci ɗaya, don haka idan ka ce ta adana, komai sai ya tsaya cik har ta gama rubutu. Ga kuma 'yar fitila a jikin ramin disket, ga ƙarar da injin ke yi, kuma duk wanda aka koya wa kwamfuta an gaya masa kada ya taɓa maɓallin sai fitilar ta mutu. Ido da kunne suna shaida wa mutum halin da ake ciki, alhali filashi da yawa na yau ba su da ko fitilar. Idan ma mutum ya yi kuskure ya fitar da disket da wuri, DOS takan dakata ta tambaye shi ko ta fasa ko ta sake gwadawa, sai ya mayar da shi ta ƙarasa. Haɗarin da ke nan shi ne mutum ya saka wani disket daban ya ce a sake gwadawa, sai a rubuta jadawalin na farko a kan na biyu, ya yi asarar duka. Manhajar CP/M, wadda Gary Kildall ya rubuta a shekarun 1970 kuma ta riga DOS, tana da nata maganin wannan, domin da zarar ta lura an sauya disket ba tare da an sanar da ita ba, sai ta ƙi yin rubutu a kansa sam.

Kamfanin Apple ya bi wata hanya dabam. Kwamfutar Macintosh ta 1984 ba ta da maɓallin fitar da disket kwata-kwata, sai mutum ya nemi izini ta hanyar manhaja, ita kuma ta kammala duk rubutun da ya rage, sannan wani ɗan inji ya turo disket ɗin waje. Rami ɗan mitsitsi kawai aka bari wanda ake zura siririyar wayar ƙarfe a ciki idan na'urar ta maƙale. Mutane sun yi ƙorafi a kan haka, amma a wurina wannan shi ne tsari mafi gaskiya da aka yi, tun da na'urar da ke riƙe da aikin mutum a ƙwaƙwalwarta ita ce ta san lokacin da ya dace a rabu. A manyan kwamfutocin bankuna da hukumomi kuwa, inda ake amfani da faifai masu cirewa irin waɗanda IBM ya fito da su a 1962, ma'aikaci na musamman ne ke ɗorawa da saukewa, kuma murfin injin ba ya buɗewa sai faifan ya daina juyawa. Masu aiki da Unix, manhajar da aka ƙirƙiro a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, sun san cewa tana sauke abin da ta riƙe duk bayan daƙiƙa 30, don haka ya zama al'adarsu su buga umurnin sauke bayanai, wasu har sau uku a jere, kafin su kashe inji.

Da DOS ta fara koyon wannan dabara ta riƙe rubutu a ƙwaƙwalwa, nan take matsalar jikokinka ta bayyana. A farkon shekarun 1990 Microsoft ya saka wata manhaja mai suna SMARTDrive da ke jinkirta rubutu don ƙarin sauri, mutane kuma suka ci gaba da kashe kwamfuta da zarar sun fita daga aikinsu kamar yadda suka saba, sai asara ta yawaita. A MS-DOS 6.2 ta 1993 aka gyara abin, ta yadda ba za ta nuna wa mutum ta shirya ba sai ta sauke komai. Daga nan ne kuma Windows 95 ta zo da rubutun nan mai ruwan lemo a kan baƙin allo da ke cewa yanzu babu laifi a kashe kwamfuta, wanda na tabbata ka sha gani, kuma idan aka kashe Windows 98 ba bisa ƙa'ida ba, takan tsaya ta binciki faifanta da ScanDisk kafin ta buɗe.

Babban faifan cikin kwamfuta, wato hadisk, yana da tasa matsalar ta daban. A cikinsa akwai faifai masu juyawa da wata allurar karatu da rubutu da ke shawagi a kan iskar da juyawar ke haifarwa, ba ta taɓa faifan. Idan wuta ta ɗauke, juyawa ta ragu, iskar ta janye, allurar za ta sauka a duk inda take. A tsofaffin hadisk na farkon shekarun 1980, irin ST-506 na kamfanin Seagate mai megabait 5 wanda ya fito a 1980, babu abin da ke janye allurar da kansa, don haka ake buga wani umurni da ake kira PARK kafin a kashe kwamfuta, musamman idan za a ɗauke ta, domin a kai allurar gefen da babu bayanai. Daga baya injiniyoyi suka samo wata dabara mai ban sha'awa. Injin da ke juya faifan ba ya tsayawa nan take idan wuta ta yanke, kuma a cikin wannan ɗan lokaci yakan koma tamkar janareta, sai a yi amfani da 'yar wutar da yake samarwa a fizge allurar zuwa ma'ajiyarta. Hadisk na yau duk suna yin haka, har ma suna ƙirga sau nawa aka tilasta musu yi. Sai dai dabarar tana kare jikin faifan ne kawai, ba ta ceto rubutun da ke kan hanya.

Idan muka ƙara komawa baya, za mu tarar da kwamfutocin da ɗauke wuta ba ya sa su mantuwa. Daga shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1970, ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙananan zobba ne na maganaɗisu da aka saƙa da siraran wayoyi, waɗanda aka fara aiki da su sosai a kwamfutar Whirlwind ta jami'ar MIT a 1953, kuma kowane zobe yana riƙe abin da aka rubuta masa ko babu wuta. Kwamfutar PDP-11 ta 1970 takan lura idan ƙarfin wuta ya fara faɗuwa, ta samu kimanin kashi 2 cikin 1000 na daƙiƙa ta adana inda ta tsaya, idan wuta ta dawo ta ci gaba daga nan. An bar waɗannan zobba ne saboda tsada da girma, aka koma RAM ta yanzu mai araha da sauri, wadda ke manta komai da zarar wuta ta yanke.

Babban sauyi ya zo ne da kafar USB a 1996, da kuma filashi a shekarar 2000, lokacin da na farko-farko ke ɗaukar megabait 8 kacal. Kafin nan, hadisk a ɗaure yake da kusoshi a cikin akwatin kwamfuta, babu mai tunanin cire shi tana kunne. An ƙera USB ta yadda sokawa da zarewa ba za su ƙona komai ba, idan ka leƙa bakin filashi ma za ka ga ƙarafan gefe biyu masu ɗaukar wuta sun ɗan fi na tsakiya tsawo, domin wuta ta riga bayanai haɗuwa. Wannan ya kare na'ura daga lahani, amma babu makullin da ke hana hannu, sau da yawa babu fitila, babu ƙara, ga fayiloli sun ninka na zamaninku girma sau dubbai. Nauyin da injin Macintosh da ma'aikacin banki suka ɗauka a da, yanzu an ɗora shi a kan yaron da ke sauri ya bar shago.

TAMBAYA: Sana'ata tura wa mutane fina-finai da karatuttuka a memori da filashi, kuma a yini ina soka da zare fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Wani abokina ya ce mini Windows ta yanzu ba ta buƙatar a danna komai kafin a zare. Gaskiya ne? (Wani matashi daga Maraɗi)

AMSA: Ɗan'uwa, Allah Ya sa albarka a sana'a. Abokinka ya ji wani ɓangare na maganar. Microsoft ya sanar cewa daga Windows 10 fitowa mai lamba 1809, wadda aka saki a ƙarshen 2018, tsarin da kwamfuta ke farawa da shi ga ma'ajiyoyin waje shi ne wanda ba ya jinkirta rubutu, wato duk abin da aka tura ana sauke shi nan take. A ƙarƙashin wannan tsari, idan turawa ta kammala, babu fayil ɗin da ke buɗe, fitilar filashin kuma ta daina ƙiftawa, haɗarin zarewa kaɗan ne. Amma sharuɗɗan nan uku su ne wurin da ake faɗuwa. Manhajar kashe bairos tana iya bincikar filashin a ɓoye, na'urar kallon fim da ka gwada fayil da ita tana iya riƙe shi, sannan a shaguna irin naku akwai masu sauya tsarin zuwa mai jinkirta rubutu saboda turawa ta fi sauri, kuma a wannan hali sallama wajibi ce. Kwamfutocin Apple da masu amfani da Linux kuwa har yanzu suna riƙe rubutu a ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma sandar da ke nuna ci gaban turawa takan cika alhali saura aiki mai yawa.

Shawarata ita ce ka ci gaba da danna "Eject", wato umurnin sallamar filashi kafin a zare shi. Daƙiƙa biyu ko uku yake ci, kuma yana ba ka abin da babu wata alama da za ta ba ka, wato amsa daga bakin kwamfutar cewa ta rufe komai, ko kuma gargaɗi cewa akwai abin da ke riƙe da filashin. Kai da kake taɓa memorin mutane, wanda galibi hotunan iyali da takardun makaranta ke ciki tare da fina-finan, amanar da ke hannunka ta fi ƙarfin ɗan lokacin da za ka rage. Ga hadisk na waje ma abin ya fi muhimmanci, domin sallamar kan sa ya mayar da allurarsa ya tsayar da juyawa, kuma bai kamata a ɗaga shi ko a jefa shi cikin jaka yana juyawa ba.

A waya, ko dai a kashe ta kafin a cire memori, ko a shiga sashen ma'ajiya a cikin saitin Android a sauke katin. Masu ɗaukar bidiyon biki su ma su kiyaye, domin fayil irin na MP4 sai an dakatar da ɗauka ne kyamara ke rubuta masa jadawalin da ake kunna shi da shi, saboda haka cire kati ko batir ana tsakiyar ɗauka kan bar fayil mai nauyi wanda ba ya buɗuwa. Abu na ƙarshe, ba duk lalacewa ce daga zarewa take ba. Kasuwa cike take da memorin jabu da aka yi wa dabara yake nuna gigabait 64 alhali ainihin cikinsa bai kai kusa da haka ba, kuma da zarar an wuce iyakarsa ta gaskiya sai fayiloli su fara lalacewa. Manhajar kyauta mai suna H2testw tana cika katin da bayanai ta sake karantawa, ta fallasa ainihin girmansa, kuma ya dace ka gwada duk sabon kayan da ka saro kafin ka sayar.

TAMBAYA: Ina kula da rajistar ɗalibai a wata makaranta da kwamfutar tebur, kuma ana yawan ɗauke mana wuta babu shiri. An ba ni shawara in sauya hadisk da SSD, wai tun da babu abin da ke juyawa a cikinsa ɗauke wuta ba ya yi masa illa. Ya kuke gani? (Wani malami daga Gombe)

AMSA: Malam, barka da ƙoƙari. SSD, wato ma'ajiyar da ake sakawa a madadin hadisk, zai ba ka sauri mai yawa, kuma ya fi jure bugu da jijjiga, amma batun ɗauke wuta bai tsira ba, domin ƙwaƙwalwar filashi ce a cikinsa, da taswirar ciki mai girma wadda yawancinsu ke riƙe wani sashe nata a tasu RAM ɗin. A 2013 wasu masu bincike daga Jami'ar Jihar Ohio da ɗakunan bincike na kamfanin HP suka gwada SSD guda 15 ta hanyar yanke musu wuta ana tsakiyar rubutu, suka tarar 13 daga ciki sun nuna wata matsala, daga ɓacewar ɗan abin da aka rubuta har zuwa wanda ya daina aiki ɗungurungum. An samu ci gaba tun daga lokacin, kuma SSD da ake ƙera wa manyan cibiyoyin bayanai suna da jerin kafasita, wato ƙananan ma'ajiyoyin wuta, da ke riƙe wutar da za ta isa a sauke komai, amma irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa don kwamfutar gida da ofis galibi ba su da cikakkiyar wannan kariya.

Saboda haka, idan kuɗin ba za su isa a yi abu biyu ba, ka fara da UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci bayan an ɗauke wuta. Amfaninsa shi ne ka adana aiki ka kashe kwamfutar bisa ƙa'ida, ba a saye shi don a ci gaba da aiki har sai ya mutu ba, kuma da yawansu suna da wayar USB da ke sanar da kwamfuta ta kashe kanta idan batir ya yi ƙasa. Batirin cikinsa yana raunana cikin 'yan shekaru, zafi irin na ƙasarmu kuma yana gaggauta hakan, don haka ka riƙa gwada shi lokaci-lokaci ta hanyar cire shi daga bango bayan ka adana komai. Idan makarantar za ta sayi sabuwar na'ura nan gaba, laftof mai lafiyayyen batir ta fi dacewa da wurin da wuta ba ta tsayawa. Lokacin da za a tayar da janareta ko a mayar da layi daga janareta zuwa wutar gari, a tabbata kwamfutar tana bayan UPS ɗin ko tana kashe, domin hawa da saukar ƙarfin wuta a wannan lokaci yana lalata kaya.

Rajistar ɗalibai kuwa kada ta zauna a wuri ɗaya. Ka ware rana a kowane mako ka kwafe ta zuwa hadisk na waje da ake ajiyewa a wani ofishi daban, ka kuma tura wani kwafin zuwa ma'ajiyar intanet ko imel ɗin makarantar, kana saka kwanan wata a sunan kowane kwafi maimakon ka riƙa danne tsohon da sabo, domin idan fayil ya lalace ba ka lura ba, kwafin makon jiya ne zai fitar da kai. A ƙarshen kowane zangon karatu ka buɗe ɗaya daga cikin kwafin a wata kwamfuta daban, ka tabbatar sunayen da makin suna nan yadda ka shigar da su.